Baitin da Sabi'u Ya Ƙone

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne.

A Dogon Marke an yi wata malama, Hajo 'yar Liman. Ko kasuwar ƙetaren fadama ba ta taɓa zuwa ba, amma ta rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami cike da gafaka, mata na zuwa ɗakinta ɗaukar karatu. Da ta rasu, gafakar ta faɗa hannun jikanta Sabi'u, mai zaƙin murya.

Kun san a baitin ƙarshe mai waƙa ke faɗin sunansa, ya roƙi addu'a. Sabi'u ya zare duk takardun ƙarshen, ya cusa a murhu. Ya shiga rera waƙoƙin gari gari, ana ta cewa Malam Sabi'u akwai basira. Shi kuma gogan sai ya sunkuyar da kai, wai tawali'u.

Rannan aka gayyace shi walimar saukar karatu a ƙetaren fadama. Ya kama hanya shi kaɗai, rana tsaka. Ba iska, ba kukan tsuntsu. A gindin tsamiya ya tarar da wata tsohuwa zaune cikin lulluɓi.

"Sannu, Iya."

"Yauwa, jikan Hajo. Ɗan rera mini waƙar nan ta haƙuri."

Bai taɓa ganinta ba, amma yabo ya riga ya saba masa. Ya rera har inda takardarsa ta tsaya.

"Ƙarasa."

"Nan ta ƙare, Iya."

"Ba ta ƙare ba."

Ta gyara zama, zanenta ya ɗan janye. Maimakon ƙafa, kofato ne, irin na akuya.

"Shekara arba'in muna zama bayan zanar ɗakinta muna ɗaukar karatu," in ji ta. "Ta san muna nan. Kullum sai ta ɗaga murya saboda mu. Ita ta goye ka, Sabi'u. Sunanta ne ya yi maka nauyi?"

Tsoro ya kama shi, amma kunya ta fi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da ya ɗago, ba kowa, sai takarda ɗaya a kan saiwar tsamiya, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Rubutun kakarsa ne.

Ya ɗauki takardar, ya isa wurin walima. Ya rera waƙar, ya zo inda ya saba tsayawa, ya ciro takardar. Ya fara: "Mai waƙar nan Hajo ce, 'yar Liman..."

Bai kai rabi ba, tsofaffin matan da ke zaune can baya suka karɓe, suka ƙarasa baitin da ka, har addu'ar. Ashe sun sani. Shekara bakwai suna sauraronsa, ba wadda ta tona shi, don darajar Hajo. Sabi'u ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, dattijo da gemu yana kuka gaban jama'a.

Ɗalibanta na ɓoye suna nan har gobe, kuma ba su manta da kome. Kada wanda ya bi hanyar fadamar nan shi kaɗai da rana tsaka.