Ruwan da Haladu Ya Zana

Da ƙarfe tara na safe Dakta Hurera Lawandi ta ɗora kwalkwalin gani a kanta, ta zura hannuwanta cikin safar taɓi, nan take ofishinta ya ɓace. Ta tsinci kanta a ƙarƙashin ƙasa, tsaye a tsakiyar ruwan da ke kwance a cikin duwatsun Kwarin Marke. Shuɗi ne mai haske, yana ratsa tsaguwar dutse a hankali. Ta miƙa hannu, safar ta kawo mata sanyinsa har gwiwar hannu.

Wannan shi ne Zauren Tare, abin alfaharin birnin Sabon Tudu a shekarar 2094. Ba gini ba ne. Wuri ne da na'ura ke ginawa a idon duk wanda ya sa kwalkwalin, inda masanin ƙasa da mai zane da makaɗi ke haɗuwa su yi aiki a kan abu ɗaya, ko da wannan yana Agadas wancan yana Yola. Ma'aunai ɗari shida da aka binne a kwarin ne ke aiko da lambobi kowace sa'a. Na'urar zauren, wadda ma'aikata ke kira Magini, ita ke mayar da lambobin su zama siffa. Amma launin, da motsin, da hasken nan da ke sa mutum ya ji ƙishirwa, aikin Malam Haladu Gumau ne, mai zanen da aka haifa a kwarin tun ana kamun kifi a cikinsa.

Shekara goma sha ɗaya Hurera tana kai wa majalisar birni rahoto kan ruwan ƙasa, ba wanda ya taɓa wuce shafi na biyu. Ranar da 'yan majalisar suka shiga hoton Haladu, har da wanda ya yi hawaye. Wata biyar da suka wuce suka amince mutanen kwarin, su dubu goma sha ɗaya da babban fari ya koro zuwa sansanin bayan gari, su koma gida. Hoton ya nuna ruwa ya dawo.

Tana cikin ruwan ne kira ya shigo mata a kunne. Baba Nomau ne, tsohon mahaƙin rijiya da ya koma kwarin tare da ayarin farko.

"Dakta, kina jina? Gaba talatin na yi a ramin nan. Busasshiyar ƙasa nake fitarwa."

"Baba, taswira ta ce ruwa yana gaba goma sha biyu a wurinku. Ko kun kauce wa alamar?"

"Rami na huɗu ke nan, 'yata. Shekara hamsin ina wannan aiki. In ƙasa tana da ruwa a cikinta, ƙamshinta daban ne. Wannan ba ta da shi."

Hurera ta dubi shuɗin da ke kewaye da ita. Ta cire kwalkwalin.

Motar cibiyar da take aiki, mai tuƙa kanta, ta kai ta kwarin kafin azahar. Ta tarar da sababbin ɗakuna na jar ƙasa, an yi shuka a bayan gidaje, mata suna dawowa daga wani kududdufi mai kanwa da robobi a ka. Baba Nomau ya raka ta wurin ma'auni mafi kusa. Murfinsa ya tsage, gara ta cinye wayar, batirin ya kumbura. Ta jona kwamfutar hannunta ta duba ranar da ya aika saƙo na ƙarshe. Wata ashirin da shida ke nan. Ta duba tara a jere, duk matattu. A allon ofishinta kuwa, da safen nan, dukansu kore suke nunawa.

A hanyar komawa ta gane abin da ya faru. Shekara biyu da suka wuce, duk inda ma'auni ya mutu, baƙin tabo ne ke fitowa a hoton. Haladu ya yi ƙorafi cewa tabon yana tsorata baƙi. Ita da kanta ta ba Magini umarnin cike gurbi, da tunanin za ta riƙa ƙiyasi daga ma'aunan da ke maƙwabtaka. Haka ta yi da farko. Amma da maƙwabtan su ma suka yi ta mutuwa, abin da ya rage mata ta koya daga gare shi shi ne hannun Haladu, dubban sa'o'i na zanensa. Ta ci gaba da zana ruwa kamar yadda shi zai zana, sannan ta ciro lambobi daga zanen ta zuba a jadawalin ma'aunan. Matattu suka zama kamar masu rai.

Ta sami Haladu a cikin zauren, yana gyara hasken wani kogo da alƙalamin iska.

"Malam Haladu, ajiye wannan. Da kake zana gabashin kwari, me kake kallo?"

"Lambobinki mana, Dakta."

"Su kaɗai?"

"Da abin da na sani. A nan na koyi iyo. Akwai wata bishiyar marke da muke tsalle daga reshenta."

"Tsaya kusa da ni," ta ce, ta soke umarnin cike gurbin.

Shuɗin ya fara mutuwa daga gabas. Ba ƙara, ba girgiza. Kogo bayan kogo ya zama baƙi, har duhun ya iso ƙafafunsu ya wuce. Abin da ya rage ɗan siririn ruwa ne can yamma, inda ma'aunai saba'in ke aiki har yanzu, shi ma launinsa ya koma na toka.

"Wannan duhun, yana nufin babu ruwa?" in ji Haladu.

"Yana nufin ba mu sani ba. Shekara biyu ba mu sani ba. Amma Baba Nomau ya haƙa rami huɗu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayata tana can da jikokinta shida. Ni na sa mata kwalkwali da hannuna, na ce Yaya, dubi gida." Ya durƙusa a cikin duhun. "Ni na ce a rufe tabon."

"Kai ka roƙa. Ni na danna."

Washegari ta tsaya gaban majalisa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Shugaban majalisar ya tambaya ko za a iya mayar da tsohon hoton na ɗan lokaci, kada jama'a su firgita. Ta ce in aka mayar, ita za ta je gidan rediyo da ƙafarta. Aka tura tankokin ruwa a ranar, aka tura motocin kwasar mutane bayan kwana uku. Kafin nan ruwan kududdufin ya riga ya kwantar da mutum arba'in, ya kashe yara biyu da wani dattijo.

Haladu ya nemi a cire duk zanensa daga Magini. Injiniyoyi suka ce ba zai yiwu ba, hannunsa ya riga ya gauraya da duk abin da na'urar ta iya. Suka kuma gano cewa wasu ƙungiyoyi talatin da ɗaya sun kwafi umarnin cike gurbi, saboda sun ga yadda ya ƙawata aikin kwarin. A cikinsu akwai masu lura da ginshiƙan gadoji, akwai masu bin sawun zazzaɓi a unguwanni. Aka rufe zauren, aka tura mutane da ƙafa su je su duba kowace gada. Haladu ya mayar da alƙalaminsa cibiya, ya koma sansani yana ɗibar wa yayarsa ruwa a famfo.

Ranar da motar ƙarshe ta iso sansanin, Hurera tana bakin ƙofa tana taya mutane sauke kaya. Wata tsohuwa ta sauko da dashen mangwaro a cikin gwangwani, ganyensa ya yi yaushi. Ta tsaya ta ƙura mata ido.

"Ke ce likitar ruwan?"

"Ni ce, Inna."

"Ɗaya daga cikin yaran nan da suka rasu jikana ne. Ba faɗa zan yi miki ba, Allah ya riga ya yi ikonsa. Abu ɗaya nake so in ji. Ke ma na'urar ruɗinki ta yi kamar yadda ta ruɗe mu?"

Hurera ta buɗe baki za ta ce i. Sai ta tuna wata safiya a bara, da ta ga ruwan gabas ya hau mita biyu a watan da ko ɗigo bai sauka ba. Ta daɗe tana kallon lambar a ranar. Tafiyar sa'a biyu ce kawai zuwa kwarin. Amma a makon ne za a karrama ta a gaban dukan birni, sai ta rufe shafin.

"A'a, Inna," ta ce. "Na ga alama. Ban so in duba ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama amsar da take jira ke nan. Ta gyara riƙon gwangwaninta, ta wuce ta shiga layin masu jiran tanti.