Dutsen Kabarin Kaka

Auta tana shanya a tsakar gida ta ji Abba ya ɗaga murya a falo. Ba sai an gaya mata ba, da yayansa Baffa yake. Tun rasuwar Kaka, mahaifiyarsu, ba su taɓa zama sun tashi lafiya ba.

Kaka ta haura shekara ɗari kafin ta cika. An haife ta lokacin da doguwar tafiya sai a ƙafa ko a jaki. Ta ga zuwan jirgin ƙasa, ta rasa 'ya'ya biyu a shekarar agana, ta ga ranar da aka fara kunna lantarki a layinsu, har ta kai ga yin hira da tattaɓa-kunnenta a waya tana ganin fuskarsa. Aure biyu ta yi. Mijin farko, mahaifin Baffa, ya rasu tana da ƙuruciya. Na biyu shi ya haifi Abba. Da aka sayi dutsen da za a kafa a kabarinta, sai rigima ta tashi a kan layi ɗaya: matar wa za a rubuta?

"Ubana ya fara aurenta," in ji Baffa.

"Shekara nawa suka yi, Yaya? Nawa uban shekara arba'in ya zauna da ita."

"To ka rubuta, in ga mai kafawa."

Baffa ya ja sandarsa ya fice. Abba ya leƙo tsakar gida yana huci.

"Ke Auta, maganarki da Dogo a ajiye ta. Ba zan haɗa zuri'a da mai taurin kai ba."

"Zuri'ar da ta fito ciki ɗaya?" in ji Umma daga kicin. Ya harari ƙofar, ya koma ciki.

Dogo ɗan Baffa ne, malamin firamare. Tun suna yara Kaka take tsokanarsu da mata da miji, har wasa ya zama gaske. Saura wata biyu bikinsu.

Washegari ya same ta a kantin maganin da take aiki. Ya jira mai sayen maganin tari ya fita.

"Na gaji, Auta. Mu je wurin mai sassaƙa ya rubuta sunan kakanki, mahaifin Abba, kawai. Ni zan ji da Baffa."

"Ka ji da shi yaya? Mutum mai hawan jini? In ya faɗi fa, da wane ido za mu kalli juna?"

"To sai yaushe? Sai mun kai shekarun Kaka?"

"Don Allah, kar ka ƙara mini. Ni ma cikina kamar ya fashe." Ta goge ido da bakin mayafi. "In kana son yin wani abu, ka riƙa zuwa kana gyara kabarin. Su dutse ya ɗauke musu hankali."

Ya fita ko sallama babu. Amma ya je.

Ranar biki ta zo ta wuce. Goggo, 'yar'uwar su Abba, ta yi sulhu ta gaji, maƙwabta suka sa baki suka janye. Dutse yana jingine a shago, mai sassaƙa yana ta kiran waya a zo a kwashe masa kaya. Auta ta rame. Duk wanda ya tambaye ta yaushe ne, sai ta ce da sauran lokaci, ta shige bayan kantar kantin magani ta yi kukanta.

Damina ta yi nisa, wata safiya Abba ya tafi ziyara maƙabarta. Ruwa ya baje ƙasa, ciyawa ta kai gwiwa, an yi sababbin kaburbura ta ko'ina. Ya zaga ya zaga, bai gane na mahaifiyarsa ba. Can sai ya hango Baffa yana dogara sanda, yana bin layi ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya — wanne ne?"

Baffa ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Tun ɗazu nake nema. Na zaci kai ka sani."

Suka tsaya, tsofaffi biyu a cikin ciyawa. Abba ne ya fara kuka.

Dole suka kira Dogo. Ya zo a kan babur, ya wuce da su can gefen katanga, wurin wani kabari da aka nome tas aka tayar da ƙasarsa.

"Wa ya sa ka?" in ji Baffa.

"Auta."

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa. "Matar nan ta yi shekara talatin ba miji, tana riƙe da mu. Mu kuma muna faɗa a kan matar wa ce."

A makon aka kafa dutsen. Sunanta aka rubuta, da na mahaifinta, da shekarar da ta rasu. Bayan wata guda Baffa da kansa ya zo neman a tsayar da rana, Abba ya tarbe shi tun daga ƙofa ya karɓi sandarsa.

Auta ta sha wuya, amma ta shiga ɗakinta da albarkar iyaye biyu, ba a ɗaga wani an kayar da wani ba. Haƙuri yana da cin rai, sai dai mai shi ba ya rasa abin da yake nema. Girmama iyaye kuwa ba a rubutun dutse yake ba, yana ga yadda 'ya'yansu suka riƙe juna bayan sun tafi.