Bayan Zaɓe

Ranar Asabar da hantsi Adnan ya same ni a wani kedai, wato shagon shan shayi, da ke ƙasan benen da nake haya a unguwar Danau Kota, nan ƙasar Malay. Shekara biyu rabon da in sa shi a ido. Furfura ta fara fito masa a gefen kai, ga kwat a jikinsa duk da zafin garin, ya kuma zauna ya juya wa titi baya.

Mijina ne. Shekararmu tara da aure.

A jami'a muka haɗu, ina digiri na biyu da tallafin gwamnati, shi kuma ya zo daga Switzerland karatun shekara ɗaya. Iyayensa Musulmin Bosniya ne, yaƙi ya kai su can yana goye. Har Hausa ya riƙa koya don ya ba ni dariya, kullum sai ya ce min "rabin raina" da karyayyen harshensa. Abba bai so ba, ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da bai san ƙofar gidansu ba. Yaya Bahauddeen, da ke koyarwa a nan, shi ya yi ta roƙonsa har ya sakko, aka ɗaura a masallacin Kampung Baru.

Wata huɗu da biki Adnan ya koma gida da alƙawarin zai yi min takardu. Sai jam'iyyarsu ta tsayar da shi kansila a ƙaramin garinsu. Ya ce in yi haƙuri sai bayan zaɓe, sunansa kaɗai ya ishe shi nauyi a wurin masu jefa ƙuri'a, ina ga an gan shi da mata baƙar fata mai hijabi. Na ce ba komai. Na haifi Hadiyya yana can yana raba takardun kamfe a bakin kasuwa.

Ya ci zaɓen. Daga nan sai majalisar jiharsu, daga jiha sai majalisar ƙasa, kowanne da nasa "bayan zaɓe". Ni kuwa na yi digiri na uku, na karɓi koyarwa, duk don in samu dalilin zama inda zai iya zuwa ya gan mu ba tare da kowa ya sani ba. A shafinsa na majalisa babu inda aka ce yana da iyali. Abba ya rasu bai taɓa goranta min ba, sai dai duk wayar da za mu yi ya tambaye ni, "Kausar, yaushe za ki tare?"

Yanzu shugabancin jam'iyyar gaba ɗaya yake nema, saura mako uku babban taro.

Ya riƙe hannuna a kan tebur, ya ce ya zo ya tafi da mu. An gama komai, biza, gida, makarantar Hadiyya.

Maganar da na shekara tara ina jira ke nan. Har na fara tunanin wace jaka zan ɗauka, sai na ga ya ciro wasu takardu ya turo min. Tambayoyi ne da amsoshinsu, wani ma'aikacinsa ya rubuta. Idan an tambaye ni me ya sa ban taɓa zuwa ba, in ce ni na zaɓi karatuna, shi kuma ya mutunta ra'ayina. Har kalar mayafin da zan yafa a dandamali an rubuta.

Da na matsa masa ya gaya min gaskiya. Wata 'yar jarida ce ta samu hoton ɗaurin aurenmu, za ta buga. Mashawartansa suka ce gara ya riga ta.

"Adnan, da ba ta samu hoton ba, da ka zo?"

Ya kalli shayinsa da ya huce. "Da na zo... bayan taron."

"Sai kuma zaɓen gaba."

Bai musa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne har yanzu ba ya iya yi min ƙarya ido da ido, kuma har yanzu ina son hakan a tare da shi.

Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Na hau jirgin ƙasa zuwa Cheras wurin Yaya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce in bi mijina, ko wane dalili ne ya kawo shi ai dai ya zo, kuma Hadiyya na da haƙƙin ta tashi a gaban ubanta. Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma ga yadda ya kasa haɗa ido da ni, domin shi ya tsaya wa auren nan a gaban Abba.

Da yamma Adnan ya zo ganin Hadiyya. Ta gaishe shi da ladabi irin na baƙo, ta karɓi cakuletin da ya kawo, ta yi godiya da yaren Malay ta koma ɗaki. Ya bi ta da kallo, ya ce a hankali za ta yi kyau a hoto. Ban ce don mugunta ya faɗa ba. Na tabbata bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba.

Washegari na mayar masa da takardunsa. Na ce Hadiyya 'yarsa ce, ƙofa a buɗe take duk ranar da ya zo shi kaɗai, ba mai ɗaukar hoto. 'Yar jaridar ma ba zan ce mata uffan ba. Amma ba zan tsaya a gaban duniya in ce ni na zaɓi shekarun nan ba, alhali Abba ya tafi kabari yana tambaya.

"Ka sawwaƙe min," na ce.

"Rabin raina..."

"Don Allah kar ka faɗe shi da Hausa."

Ya yi kuka, ni ma na yi. A gaban Yaya ya rubuta saki ɗaya, sannan ya duba agogo, domin jirginsa ƙarfe huɗu ne.

Ya ci shugabancin da rinjaye mai yawa. Na kalli jawabinsa a waya ina zaune a ofis, fassarar na gudana a ƙasa. Ya ba su labarin wata haziƙar mata 'yar Najeriya da ya so, wadda ta zaɓi aikinta a wata nahiya, da 'yarsa da yake kewa kullum. Muryarsa ta karye daidai inda ya kamata. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wasu matan na share hawaye.

Ran nan ne ya fara kiran sunana a gaban mutanensa, ya kuma faɗe shi daidai. Kwanana ashirin ke nan ina idda.