'Yar Wanzami da Haƙorin Alhaji

Ranar da Zahra'u ta fara ganin Jamilu, ko kaɗan bai yi kama da wanda za a so ba. Ya shigo ɗakin haƙori na asibitin da take aiki a Tudun Wada dafe da kunci, hula a karkace, yana warin kanumfari, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kujerar aiki kamar an nuna masa makara.

"Likita, a cire shi kawai in huta."

Ta duba bakin, ta duba hoton haƙorin. "Ba sai an cire ba. Jijiyar ciki ce ta ruɓe. Zan kashe wurin da allura, in huda haƙorin, in fitar da jijiyar, in wanke ramin in cike. Ciwo ya tafi, haƙorinka na nan."

"Allura? A baki?"

"Cizon cinnaka ne. Ƙato da kai."

Ya runtse ido yana salati, har aka gama bai ji komai ba. Da yamma sai ga saƙo a wayarta, don ya roƙi lambar wai ko ciwon zai dawo.

"Likita, haƙori ya yi shiru, amma ƙirji ya ɗauka. Wannan wa ke dubawa?"

Ta yi dariya ita kaɗai, ta amsa: "Ba ɓangarena ba ne, Matsoraci."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Likitata. Malamin gona ne, ɗan Riruwai, mutum mai sanyin hali, kuma kafin damina ta yi nisa Zahra'u ta san ta kamu. Ta faɗa masa gaskiya tun farko: mahaifinta Malam Inuwa wanzami ne a kasuwar Dangora, da aska da ƙaho ya yi mata karatu har ta zama likita. Jamilu ya ce wannan ai abin alfahari ne.

Mahaifinsa bai ga haka ba. Alhaji Balarabe dillalin ma'adinin kuza ne, irin mutanen da idan suna magana kowa ke haɗiye tasa. Da ya ji asalin yarinyar, maimakon ya hana ɗansa a cikin gida, sai ya tako har Dangora ranar kasuwa. Ya tarar da Malam Inuwa yana yi wa wani aski a kan tabarma, ya tsaya a kansa ko sallama babu.

"Kai ne uban likitar? To ka ja wa 'yarka kunne. Gidana ba ya haɗa jini da masu tsotsar jinin mutane da ƙaho."

Malam Inuwa ya ƙarasa askin, ya naɗe tabarmarsa, ya rataya zabirar kayan askinsa ya koma gida. Daga ranar bai sake zama a kasuwa ba. Da Zahra'u ta je gida ta same shi a zaure, ya rame, yana wasa askar da babu wanda zai yi wa aski da ita.

"Ki bar wa Allah, Zahra'u," ya ce.

Ta ce to, amma a baki kawai. Haƙuri ba halinta ba ne, kuma ba ta taɓa yin da'awarsa ba. Ta tsani Alhaji Balarabe, tsana mai hana cin abinci, duk da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Jamilu ya yi ta turo saƙo.

"Likitata, wallahi ban san zai je ba. Ki ba ni lokaci in shawo kansa."

"Ka shawo kansa ka kai shi ina? Wanda aka tozarta yana zaure."

Ta daina ɗaga wayarsa, alhali kullum sai ta buɗe hotonsa ta kalla.

Ana cikin haka, wata safiya ta ga Jamilu ya shigo riƙe da wani dattijo mai babbar riga, kuncinsa a kumbure har ido ya ƙanƙance. Tana sanye da takunkumi, idanunta kawai ake gani. Jamilu ya dube ta da idon roƙo.

"Mahaifina ne, likita. Ya kwana biyu ba ya barci. Ya ƙi yarda a cire, wai haƙorin sama ne, idan aka cire ido zai tafi."

Ta dubi dattijon, ba da idon tausayi ba. Wato yau Allah ya kawo mata shi har kujerarta, bai ma san hannun wa ya faɗo ba.

"Ka jira a waje," ta ce wa Jamilu.

Alhaji ya kwanta yana kawar da kai daga allurar. Ashe tsoron allura gado ne a gidan. Ya kama hannun rigarta. "'Yata, don Allah ki yi mini a hankali. Ina da ƙananan yara."

"Kwantar da hankalinka, Alhaji. Cire haƙori ba ya taɓa ido, kuma naka ma ba cirewa za a yi ba. Jijiyar da ta ruɓe zan fitar. Idan ka ji zafi ka ɗaga hannu, zan tsaya."

Ta yi masa allurar. Shaiɗan ya raɗa mata cewa ta kunna injin huda haƙori tun maganin bai kama ba, wa zai sani? Ta ɗauki injin, sannan ta ajiye ta jira. Kada a ce imani ne ya hana ta. Ta dai san mai jin zafi ba ya jin magana, ita kuwa kunnensa take so.

Da wurin ya mutu, ta sa masa abin tokare baki, ta shimfiɗa robar da ke keɓe haƙori, ta huda. Ruɓar ta fito, ta ga kafaɗunsa sun sauka, ya yi ajiyar zuciya. Yanzu ba shi da ciwo, ba shi kuma da bakin magana. Sai ta ja takunkumin ƙasa ya ga fuskarta, ta mayar.

"Sunana Zahra'u Inuwa. 'Yar mai tsotsar jini da ƙaho."

Idanunsa suka firfito.

"Kada ka motsa, ƙarfena yana cikin haƙorinka. Ba zan cuce ka ba, aikinka zai yi kyau fiye da na kowa. Amma yau za ka ji magana ba ka katse ta ba."

Tana zura siririn ƙarfen cikin ramin tana gogewa, tana magana a hankali. Ta faɗa masa yadda rabin mazan Dangora a hannun ubanta aka yi musu askin suna da kaciya. Ta faɗa masa yadda yake tafiya yin aski a rugagen Ɗansoshiya a ƙafa cikin ruwan sama don kada a kore ta daga makaranta. Ta faɗa masa yadda dattijon yake zaune a zaure yanzu yana jin kunyar fita.

Alhaji ya ɗaga hannu. Ta tsaya nan take.

"Haƙorin ne?"

Ya girgiza kai kaɗan.

"To sauke hannunka, ban gama ba. Da ka ce ba ka so na, da na haƙura, ɗanka ne. Amma ka bar ni ka je ka taka wanda bai taɓa yi maka komai ba, a gaban mutanen da ke girmama shi. Hannun da ya raba ka da ciwo yau, askarsa ce ta raine shi."

Ta sa magani, ta toshe ramin, ta cire robar. "Sauran aikin sai mako mai zuwa. In ka ga dama ka dawo, in ka ga dama ka tafi Kano."

Ya tashi ya fita. Zahra'u ta zauna, ta ji wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun ranar kasuwar. Da la'asar saƙon Jamilu ya shigo, babu Likitata a ciki.

"Zahra'u, mahaifina ne fa. Amana na kawo miki."

"Na riƙe amanar haƙorinsa. Nawa ma uba ne."

Jamilu ya daina turo saƙo. Ranar da aka sa wa Alhaji ta zo ta wuce bai zo ba. Ta san ta rama, ta kuma san da wuya ramuwar ba ta ci mata Jamilu ba. Ta yi kuka sosai, amma ko sau ɗaya ba ta yi nadama ba.

Ranar kasuwar Dangora tana cikin gidansu, sai ga saƙo: "Likitata, fito kasuwa, wajen da Babanki yake zama."

Ta yafa mayafi ta fita. Daga nesa ta hango taro. Ga tabarmar mahaifinta a shimfiɗe a wurinta na da, ga Alhaji Balarabe zaune a kai ya cire hula, babbar rigarsa na shan ƙasa. Jamilu ya matso ya raɗa mata cewa Alhaji da kansa ya je zaure ya ɗauko zabirar, ya ce ba zai nemi gafara a ɓoye ba tunda ba a ɓoye ya yi laifin ba.

Malam Inuwa ya gama aske masa kai, ya ɗaga haɓar Alhaji, ya ɗora askar a kan maƙogwaronsa.

"Alhaji, kada ka motsa. Na daɗe ina wasa ta."

Taro ya fashe da dariya. Da aka gama, Alhaji ya shafa kansa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam, na zalunce ka, ka yafe mini. Kuma ina nema wa ɗana auren Zahra'u, in za ka iya haɗa jini da irinmu."

Malam Inuwa ya daɗe yana goge askar. "Na yafe. Na ba shi."

Zahra'u ta durƙusa a gefen tabarmar. "Baba," ta ce wa Alhaji, karo na farko da ta kira shi haka, "saura cikon haƙorin."

"Zan zo, 'yata. Amma wannan karon ki bar ni in riƙa amsawa."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a Dangora. Alhaji ya ci naman walima da haƙorinsa, Malam Inuwa kuwa ya kama hannun ango da na amarya ya haɗa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'yan da za su tsaya muku yadda wannan ta tsaya mini."

Duk wanda ke wurin ya ce amin.