Wutsiyoyin Hansai

Ku gyara zama ku ji yadda Labaran mahaucin garin Zakka ya sayi agogo da rayukan 'ya'yansa.

Shekarar da Turawa suka sa aka share hanyar mota ta Safana, Labaran ya ga wani malamin ofis a kasuwar Batsari da keke da agogo da tabarau. Tun ranar ya tsani wuƙarsa. Sai ya riƙa duba tsintsiyar hannunsa yana yamutsa fuska, alhali babu komai a wurin sai jinin akuya.

A gidansa yayarsa Hansai take zaune. Kafin Turawa, in mahara suka faɗo, ita ke tsayawa ƙofar gari da baka, maza kuwa suna ƙarƙashin rumbu suna shawara. Da yaƙi ya ƙare ta koma farauta a dajin Rugu. Duk abin da ta kashe sai ta yanki wutsiyarsa, in mutum ne tukkunsa, ta ɗaure a kwarin kibanta, ta yi masa hayaƙi kowace Laraba. Muddin suna ɗaure, abin da ta kashe ba ya biyo ta gida. Labaran ya san haka sarai.

Da hantsi ya shiga daji wurin Uwani, bokanyar da suka yi yaƙi tare da Hansai kafin su ɓata. Mazauninta kogon dutse ne. Kawunan ɓauna jere a bakinsa, ga baƙar tukunya da jan ƙyalle a wuya, jini ya bushe a kanta har ya tsattsage, amma ko ƙuda ɗaya bai sauka ba.

"Ƙanen Hansai," in ji ta. "Wa ya kira ka?"

"Inna, arziki nake so. Irin na 'yan boko."

"Ka yi bokon mana."

"Na girma."

"To kawo mini abin da ke ɗaure a kwarin yayarka. Duka."

"Shi ke nan? Ba jini?"

"Ni dai ba zan nema ba."

Mai hankali da ya tambayi wa zai nema. Labaran keke yake gani.

Ya yi dabarar mahauta: ya tara wutsiyoyin awaki da na maruƙa, ya babbake su suka yi baƙi, ya musanya, ya kai wa Uwani na gaskiyar. Idon Hansai ya fara rauni, ba ta lura ba.

Shanu suka soma fitowa daga daji, manya, ba shaidar kowa a jikinsu, suna tsayawa ƙofar gidansa da kansu. Ya yi soro. Ya sayi keke, ya sayi agogon da bai iya karantawa ba, da tabaran da ke sa shi tuntuɓe. Ya ce a daina ce masa mahauci, Malam ne.

Wata na biyar, da azahar, aka tarar da Sada, babban ɗansa, a ɗaki rufe, ƙaho ya huda masa ƙirji. Bayan sati uku ƙanensa Mani ya bi shi, an take shi a tsakar gida, ba wanda ya ga dabba. Kande matar Labaran ta koma rarrafe tana cin ciyawa a bayan danga. Saura Fanta, autarsa. Kullum da safe sai a ga sawun kofato kewaye da tabarmarta, kullum yana ƙara matsowa.

Ran Laraba Hansai ta kai wutsiya hanci, ta daɗe.

"Akuya ce," ta ce. "Wata nawa ina yi wa akuya hayaƙi, Malam?"

"Yaya, bari in yi miki bayani."

"Tashi. A ƙafa. Bar keken."

Suka sami Uwani ta yi ɗamara da wutsiyoyin, ƙasa tana girgiza a bayanta kamar garke na tahowa.

"Kin tsufa, Hansai."

"Ke kin ruɓe."

Kibiya ta farko ta faɗi a ƙirjin Uwani kamar an jefi dutse. Uwani ta yi dariya, ai ta sha tauri, ƙarfe ba ya cin ta. Abin da ta manta, a ƙwarya ɗaya suka sha. Hansai ta ɓalle ƙarfen kibiya ta biyu, ta fiƙe kyauron da wuƙa, tana yi tana tafiya, wani abu da ba a gani ya kai mata suka a cinya ba ta tsaya ba. Ta harba a maƙogwaro. Ice ya shiga.

Hansai ta kwance ɗamarar daga gawar Uwani, ta juyo wurin Labaran.

"Wanda ya kwance su daga kwarina shi suke bi. In ka koma gida, Fanta za su fara ci." Ta ɗaura masa su a wuya, ta ja ƙulli.

"Yaya, ni fa ƙanenki ne."

"Sada ni na yi masa wankan farko. Kar ka taka Zakka."

Fanta ta rayu, ta yi jikoki. Shanun sun watse a yini ɗaya, soron ya rufta da damina. Masu zuwa ice sun daɗe suna ganin Labaran a bakin Rugu, tsirara, yana gudu yana waige, agogon na nan a hannu, ya tsaya tuntuni.

Duk mai jin ƙaiƙayin arzikin dare ɗaya, kafin ya nufi kogo, ya tsaya tsakar gidansa ya dubi yaran da ke wasa, ya zaɓi wanda zai fara binnewa. In ya kasa, ya koma ya wasa wuƙarsa.