Sunan da Kotone Ta Iya Karantawa

"Kar ka ƙara hawowa gidan nan, Shinpei-san..."

Chizuru ta faɗa idonta a kan takalmansa, don ta san in ta kalli fuskarsa maganar ba za ta fita ba.

"Chizu, ɗago ki maimaita."

Ba ta ɗago ba.

Daga cikin ɗaki kuwa muryarsa ce ke tashi a hankali, tana karanta labarin wata kyanwa. Ana korar mutum a bakin ƙofa, muryarsa na ciki ta baje a kan tabarma.

Kotone, 'yar Chizuru, tana aji biyu, amma haruffa rawa suke mata a kan takarda. Aikin gida na kullum shi ne yaro ya karanta wa babba darasinsa da ƙarfi, ita kuwa da kuka ake farawa, da kuka ake tashi. Shinpei ma'aikacin ɗakin karatun garin Onomichi ne, shi ke naɗar littattafan makaranta da muryarsa a wani allon hannu na lantarki. Yana karantawa layin yana haske, yaro na bi da yatsa. Kowane darasi kuma sai sunansa ya fara bayyana, ya ce, "Mai karatu, Kurata Shinpei."

Da ƙafarsa ya hawo tudun da gidansu yake ya kawo musu aron allon. Daga duba allo sai shan shayi, daga shayi sai ɓare lemu, har Chizuru ta ji kanta tana dariya, abin da rabonta da shi tun rasuwar mijinta.

Surukarta Fumie ba ta yi dariyar ba. Ita ta koya wa rabin unguwa rubutu da buroshi, ina za ta kai fuskarta a ce jikarta da kunne take karatu? Ana haka sai ga Kanae, abokiyar aikin Shinpei, da kwalin alawa da baki mai zaƙi. Ta ce ita fa ba gulma ta kawo ba, amma mutane na cewa allon nan ba don yarinya ake hawo da shi ba.

Ranar Fumie ta zaunar da Chizuru a gaban hoton marigayi.

"Ɗaya ne zai ci gaba da shiga gidan ɗana. Ko shi, ko allon."

"Mama, don Allah..."

"Na gama magana."

Abin da Chizuru ta gaya wa Shinpei ke nan a bakin ƙofa. Ya ce ta ɗauko Kotone su tafi su uku, allo ai a hannunsa yake, wa zai hana yarinya karatu?

Gaskiyarsa ce, ba mai hana ta, doka ma tana bayanta. Kunya ce ta ɗaure ta. Ta tuna tsohuwar za ta rage ita kaɗai tana ajiye wa hoton ɗanta shinkafa kamar yadda al'adarsu take.

"Ina son ki, Chizu. Ki ce in jira, zan jira."

Kalma ɗaya yake nema, ita kuwa sarkin kara sai cewa ta yi, "Kar ka ɓata rayuwarka."

Ya sunkuya ya yi sallama, ya gangara.

Bai fasa naɗar littattafan ba. Kotone ta shiga aji uku, ta shiga huɗu, kullum da yamma muryarsa na cika gidan. Chizuru takan rage wutar miya don ta ji shi sosai. Ta san inda yake jan numfashi, ta san ranar da ya yi naɗi da mura. Ta ƙi bin titin ɗakin karatu, tana ce wa kanta wanda muryarsa ke gidanka ai bai tafi ba.

Ranar da iyaye ke zuwa kallon darasi, malama ta kira Kotone. Yarinya ta miƙe, ta kife allon, ta ɗauki littafin takarda. Ta yi tuntuɓe, ta koma, ta kai ƙarshen shafi da kanta.

A bayan aji Fumie ta toshe baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Sai a bakin makaranta ta yi magana, ba ta ko kalli Chizuru ba.

"Mutumin nan... ki ce ya zo ya sha shayi."

Chizuru ba ta san sanda ta ja hannun Kotone suka gangara ba. A hanya tana ta shirya abin da za ta ce, tana gyara gashi kamar budurwa.

Kanae suka tarar a teburin karɓar baƙi. Ta miƙe ta gaishe su da ladabi har ya yi yawa, ta ce Shinpei ya fita aiki wata makaranta.

Kotone ta kafa ido a kan ɗan allon sunan da ke ƙirjin Kanae. Ta ɗaga yatsa tana bin haruffan a iska, fuskarta ta cika da murna.

"Ku... ra... ta. Mama, na karanta! Irin sunan Kawu Shinpei ne!"

A ƙasar nan mace ba ta ɗaukar sunan gidan namiji sai ta shiga gidan da aure.

"Daidai ne, 'yar albarka," ta ce da ƙyar. "Ba ki yi kuskure ba."

Kanae ta dubi jakar da ke hannun Chizuru.

"Tunda ta iya, allon kuka dawo da shi? Akwai yaran da ke jira."

Chizuru ta ƙanƙame shi a ƙirji na ɗan lokaci.

Sannan ta miƙa da hannu biyu.