Yatsa Ɗaya a Takarda Arba'in da Ɗaya

"Nuna min babban yatsanka, Muzzammil."

Ya yi dariya, a zatonsa wasa nake yi. Muna tsaye a ɗakin firiza, injina suna gunji a bayanmu. Ya miƙo hannun dama yana cewa saura sati uku a ɗaura aure, in ƙara haƙuri, hannun da mai hannun duk nawa ne.

Tabon yana nan, siririn layin da wuƙa ta bar masa tun yana yaro. Na ajiye takardar a kan tebur kusa da hannunsa. A ƙasanta akwai dangwalen shuɗin tawada, farin layi ya ratsa ta tsakiyarsa.

Dariyar ta ɗauke.

"Fiddo..."

"Kada ka kira ni haka."

Sunana Fiddausi, 'yar Gwandu ce ni. Shekara biyu ke nan ina aiki a wata cibiyar binciken ciwon daji da ke Kalgo, wadda aka kafa da haɗin gwiwar wata jami'a ta ƙasar waje. Su suka kawo firizoji da horo, mu muke tara samfura. Idan an yi wa mace aikin sankarar mama, akan yanki 'yar tsoka daga abin da aka cire, a haɗa da jininta, ni kuma in liƙa lamba in adana cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Da su za a gano dalilin da ciwon yake cin matanmu tun suna da ƙuruciya. Doka ɗaya ce ba a taɓa ta: sai an karanta wa mace takarda da Hausa, ta fahimta, ta yarda, sannan ta sa hannu ko ta dangwala yatsa.

Muzzammil shi ne likitan da ke karɓo yardar.

A kan wannan dokar na fara son shi. Lokacin da na samu aikin, magana ta zagaye unguwarmu cewa naman mutane muke sayar wa Turawa. Wata maƙwabciyarmu ta daina cin abincin da na taɓa. Baffana ya rantse ba zan sake taka Kalgo ba. Muzzammil ya tako har Gwandu, ya zauna a kan tabarma gaban Baffa tun daga azahar har la'asar yana bayani, ya dafa ƙirji ya ce ko ɗigon jini ba a ɗauka sai mai shi ya ce na yarda. Ina laɓe a bayan ƙofar zaure ina ji, zuciyata tana narkewa. Baffa ya bar ni na koma aiki. Bayan wata takwas, shi ne ya karɓi gaisuwar iyayen Muzzammil.

Sai jami'ar can ta aiko da albishir: za ta ɗauki likita ɗaya horon shekara guda, daga cibiyar da ta fi tara samfura. Muzzammil ya daina barci mai kyau. Kullum zancensa ke nan, ni da shi a jirgi, ni da shi a ƙasar da ba mu taɓa gani ba. "Sahibata, ke za ki fara ganin dusar ƙanƙara a danginku," haka yake ce min, ni kuma in rufe fuska ina murmushi.

Hafiza ce ta ajiye fayil ɗin takardun yardar a kan teburina. 'Yar kawunsa ce, ita ke jera takardun ofis, kuma kowa ya san tun suna yara take son shi. Ta ce wai ta yi kuskuren ɗaki ne, ta fita tana gyara mayafi. Takardar da ke sama tana ɗauke da sunan Goggona Hadijatu ta Masama, ƙanwar mahaifina.

A gabana Goggo ta ƙi. Ranar da za a yi mata aiki, ni na riƙe mata ƙafa Muzzammil yana karanta mata takardar. Ta saurara har ƙarshe, ta yi masa addu'a, ta ce ita dai abin da aka yanke daga jikinta a ba 'ya'yanta su rufe a ƙasa. Ga shi kuma dangwale ne a kan takardar, alhali Goggo ba ta dangwale, da ajami take rubuta sunanta tun tana budurwa.

Na buɗe sauran takardun ɗaya bayan ɗaya. Matan Maruda, matan Dangoma, matan Masama. Sunaye daban-daban, yatsa ɗaya.

Arba'in da ɗaya na ƙirga.

A ɗakin firizar, Muzzammil bai musa ba. Da ma ya musa, da wataƙila na ji sauƙi. Ya rufe ƙofa ya shiga yi min lissafi cikin lallausar muryar nan da yake lallashin marasa lafiya da ita. Ya ce tsokar nan ko ba a adana ba ƙonawa za a yi. Ya ce matan ƙauye ba su san abin da suke ƙi ba, ɗaya ta tsorata sai goma su bi ta. Ya ce binciken nan 'ya'yansu zai ceta, kuma idan ya je ya dawo da ilimi, su ne za su amfana.

"Don mu na yi, hasken idona. Don ni da ke."

"Goggo fa?"

Ya kalli ƙasa. Sai ya ce nata samfurin na musamman ne, irin da masu binciken can suke nema ido rufe, ba zai iya bari a binne shi ba.

Na dubi bakin da ya furta haka. Bakin da ya gaishe ta da "Goggo, ya jiki", ya ci dambun da ta aiko masa bayan an sallame ta. Ƙamshin turarensa, wanda nake jin sa a mayafina in ƙi wankewa, ya taso min kamar warin kwata. Na ja da baya har bayana ya taɓa firiza.

A gida ban samu mai goyon bayana ba. Inna ta fashe da kuka, ta ce akwatunan lefe suna ɗaki, an raba goro har Birnin Kebbi, wace irin 'ya ce za ta fasa aure a kan takarda. Ta ce in rufa masa asiri, miji ne, zai shiryu. Ta ce Hafiza ce ta haƙa min rami ina gani zan faɗa. Wannan kam gaskiya ta faɗa, na san Hafiza ba don Allah ta yi ba, kuma ita ma ƙyamarta nake ji. Sai dai ba ita ta dangwala yatsan ba.

Washegari na hau mashin zuwa Masama.

Na tarar da Goggo a inuwar rumbu tana tsince wake da hannun hagu, don na daman ya kumbura tun bayan aikin. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ashe abin da aka ba 'ya'yanta a ƙulle cikin farin ƙyalle suka binne, ba duka ba ne.

"Ɗiyata, ke kika saka shi cikin sanyin?"

"Ni ce, Goggo. Lamba kawai na gani, ban ga suna ba."

"Wata shida ina sallah ina gode ma Allah an rufe shi..." Ta ture farantin waken gefe. "Yaron nan ya dube ni cikin ido ya ce to, Goggo. To ya ce mani."

Ba ta yi kuka ba. Ta tofar da yawu gefe, ta goge baki da bakin zane.

Daga Masama ban biya gida ba, Kalgo na wuce, na ajiye fayil ɗin gaban shugabar cibiyar. Na san abin da zai biyo baya. Aka dakatar da Muzzammil a satin. Aka rubuta wa jami'ar can gaskiyar abin da ya faru, suka janye gurbin horon, suka dakatar da aikin wata huɗu. Abokan aikina da yawa suka daina amsa gaisuwata. Baffa da kansa ya sa aka mayar da akwatunan, bai ce min komai ba sai "Allah ya yi miki albarka", ya shige ɗaki.

Ni da Sista Dibora, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru, aka ɗora wa bin matan gida-gida. Muka ba su haƙuri, muka sake karanta musu takardar. Wasu suka kore mu da zagi, kuma sun yi daidai. Shida sun riga sun rasu. Goma sha tara suka ce tunda yanzu an tambaye su da mutunci, a bar shi a yi binciken. Goggo ta karɓi nata, aka rufe a bayan ɗakinta.

Ciwon ya dawo mata da damina. Ta rasu ranar wata Laraba.

A rana ta uku Muzzammil ya zo ta'aziyya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ji an ce an sa ranarsa da Hafiza. Ya aiko a kira ni, na fito na tsaya a bakin zaure, nesa da shi.

Ya ce ya tuba. Ya ce ba ya iya cin abinci. Ya ce kalma ɗaya zan faɗa ya fasa wancan auren yau ɗin nan.

"Har yanzu ke ce, Fiddausi... wallahi ke ce."

Na laluba zuciyata ina fatan in tarar babu komai. Sai na tarar da sauran son shi a can ƙasa, yana motsi da jin muryarsa, kuma duk abin da na gani a shekarar nan babu wanda ya tayar min da zuciya kamar wannan. Ga mutum ya zo gaisuwar matar da ya ci amanarta, yana tallan fasa auren wata a ƙofar gidan makoki, ni kuma ƙirjina yana bugawa saboda shi.

Na ja mayafina na rufe hanci da baki.

"Mun gode da ta'aziyya, likita. Allah ya ba da lada."

Na koma cikin gida, na zauna tsakanin mata, na karɓi carbi daga hannun Inna.